Mai Jera Masu Bin Makara

A shagon buga takardu na gan shi, washegarin rasuwar ƙanwar sarki. Tsoho ne dogo, rigarsa ta sha guga, takalminsa ya sha hanya. A damtsensa akwai baƙin ƙyalle, irin wanda ma'aikatan fada ke ɗaurawa har makoki ya ƙare. Idanunsa jawur.

Takarda ce a hannunsa, jerin masu bin makara: wa ke gaba, wa ke bayan wa. Yana bin sunayen da yatsa, leɓensa na motsi.

"Ɗana, sauko da kawun marigayiya layi ɗaya," in ji shi ga mai shagon. "Baffanta ya rantse ba zai bi bayansa ba."

"Baba, karo na huɗu ke nan fa."

"Ita dai ba ta ce komai ba. Masu rai ne ba su da sauƙi."

Da takardar ta fito, sai ya tsaya a kan sunanta, yana shafa shi da babban yatsa kamar mai share wa yarinya hawaye. Ina jin shi ya raine ta. Irin wannan shafar ba albashi ke sa ta ba.

Mai shagon ya sake duba jerin. "To kai, Baba, ina sunanka?"

Tsohon ya naɗe takardar a hankali.

"Ni ke riƙe ƙofa. In sun gama kukansu, na yi nawa."