Dokar da Aka Tsara Shamuwa Ba Ta Nan

A Taloka, lokacin cirar albasa, da an sallame Magariba mukan kewaye murhun kakarmu Inna Tumba, hannuwanmu na warin lawashi. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya siɗe kwanonsa ya yi hamdala.

"To, ga ta nan ta iso," in ji ta, "ku matsa mata ta zauna."

Wadda na fi so ita ce ta tsuntsayen tsamiyar bakin gulbi. Faɗa kan rassa ya ishe su, suka ce a zauna a tsara doka guda da za ta hau kan kowa. Sai suka kira taron tsakiyar rani, lokacin da shamuwa ta yi tafiyarta. Hankaka ya ce wanda bai ci rani a nan ba, ba shi da reshe. Kurciya ta ce a dai jira.

Nan Inna takan shaƙe murya ta zama hankaka: "Jiran mi? Ni na aike ta?" Mu yi ta birgima don dariya.

Da bazara shamuwa ta dawo, aka gaya mata doka, ta wuce gaba. Manoman garin kuwa ba su gyaran gona sai sun gan ta bisa tsamiya. Suka yi ta leƙe har ruwan shuka ya wuce, iri na cikin rumbu. Gero bai yi ba, hankaka ya rasa abin sata. Dole aka tura kurciya biko.

"Inna, mi shamuwa tac ce?"

"Tac ce a sake zama, tun daga bisimilla!"

Da na girma, baffana ya ba ni labarin gardamar tsarin mulki kafin samun 'yancin kai: wa zai zauna, wa zai yi magana da bakin wa. Yau ma ita nake ji a rediyo, muryoyin ne kawai suka sake.

Da aka ce mazaɓarmu ta haɗa ra'ayinta kan gyaran tsarin mulki, ni aka ba alƙalami in rubuta da ajami. Na duba taron, duk manoma ne. Makiyaya sun tafi da shanu. Na ce a jira su. Aka yi gunaguni, aka jira.

Ardonsu ya dawo, ya saurari duk abin da muka tsara, ya yi murmushi.

"Madalla, Malam. To, shanu ta ina za su bi su sha ruwa?"

Wallahi a cikinmu ba wanda ya tuna da hanyar shanu.