Gyambon Inna Ya Kusa Rufewa

Ranar Talata ce, lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Da hantsi na kwance wa Inna bandeji a ƙofar ɗakinta, a tungarmu ta bakin tafkin Kainji, kudu da Wara. Gyambon ƙwaurinta ya yi ja, naman sabo ya taso daga gefe. Babu wari.

Ƙayar kifi ce ta soke ta tun ina budurwa. Mun yi turare, mun yi saiwa, mun yi allura har mun gaji. Sai wani malamin asibiti a Yelwa ya samo wani farin falle mai laushi, ya ce sunansa kolajin, daga fatar shanu ake sarrafa shi. A shimfiɗa a kan ciwo, ya narke a ciki, nama ya bi shi. Sharaɗi ɗaya ya kafa mana: kada ruwan tafki ya taɓa ƙafar. Damina guda ni ke ɗebo mata ruwan rijiya. A safiyar nan ta taka ƙafar har bakin bandar kifi, tana dariya.

Mazanmu sun tafi da kifi kasuwa. Bayan azahar muka ji injin jirgi, ba irin ƙarar namu ba. Sai na biyu. Sai harbi.

"Ku hito! Ina injunan?"

Har yau ban san su wa ne ba. Suka cinna wa rumbunan gabas wuta, iska ta kaɗo ta kan hanyar tudu. Hanya ɗaya ta rage, ta fadama.

Na goya Inna. Sauran fallen maganin suna cikin kwalla a ɗaki. Na juya zan koma, rufin ya riga ya kama.

Laka ta kai min gwiwa, ta kai ƙugu. Na ɗaga ƙafarta da hannu ɗaya, na riƙe ta sama. Na riƙe har hannun ya mutu. Kusa da la'asar harsashi ya faɗa ruwa gefenmu, wata mata ta yi kuwwa, "Ku duƙa!" Muka nutse cikin ciyawar burgu har wuya. Ina kallo bandejin ya sha ruwa, ya koma launin laka. Na ciji zanena don kada a ji kukana.

A nan muka kwana. Da gari ya waye wani masunci ya tsallakar da mu Wara. Mota ba ta samu ba sai washegari.

A Yelwa malamin ya kwance ƙafar, ya kau da kai. Na roƙe shi wani fallen. Ya ce waɗanda ya ba mu su ne na ƙarshe, kuma ko da akwai, ba a sa shi a kan ruɓa. Aka tura mu Sakkwato. A can aka yanke, ƙasa da gwiwa.

Mutane suna zuwa jaje suna cewa mu gode, ba a kashe kowa a gidanmu ba. Na gode. Amma ni na ga naman nan da idona, saura faɗin kwabo ya haɗe.

An sake gina rumbuna, an sayi wasu injuna. Da sallah ta zo na kwaɓa lalle kamar kullum, na ƙunsa wa Inna. Rabi ya yi saura a ƙwarya.