Baƙin Tukunya a Bayan Kyanwar Mma

Shekarun baya, da mahaifiyata za ta tafi aikin Hajji, ta raba wa kowa amanarsa a gidanmu na Zango. Yayata ta karɓi makullin ɗaki, ni kuma aka ba ni kyanwa. Baƙa ce wuluk, gashinta na sheƙi, kuma tsohuwa tana ji da ita fiye da wasunmu. Ta ce tunda ni mai aski ne, gashi sana'ata ce, ba ta da fargaba. Ta fara yi mini bayanin yadda take kula da ita, na katse ta. Wa zai koya wa mai aski gashi? Na ce ta tafi hankali kwance, za ta dawo ta tarar da kyanwa kamar amarya.

Kwana biyu da tafiyarta na kawo sabulun wanke kai mai ƙamshi daga shago, na cika bokiti. Kyanwa ta yi mini zane da farce har gwiwar hannu, amma sai da na wanke ta. Bayan kwana uku na sake, na kuma sake. Kafin mako biyu gashin ya bushe, ya dusashe, ya cukurkuɗe a bayanta, ba abin da take yi sai susa. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa injin aski na ɗauko don in rage inda ya cukurkuɗe. Tana jin ƙarar inji ta zabura, hannuna ya goce, na kwashe mata gashi faɗin tafin hannu a gadon baya.

Duk ranar da mahaifiyata ta kira waya daga Makka, kafin ta tambayi jikokinta sai ta tambayi kyanwa. Ni kuma in ce, "Lafiyarta lau, Mma, har ƙiba ta yi."

Da ranar dawowa ta matso, na gaya wa abokina, tela ne kusa da shagona, cewa zan shafa mata yombo, baƙin rinin da muke sa wa masu furfura. Ya ajiye almakashi ya dube ni. "Kyanwa na lasar jikinta fa. Ka sa mata yombo, gawa za ka nuna ma tsohuwa." Ya ce in daina wankan nan, in riƙa taje ta a hankali kowace safiya, in ba ta busasshen kifi, sannan in gaya wa mahaifiyata gaskiya. Na ɗauki duka shawarar ban da ta ƙarshe. Sheƙi ya fara dawowa, susa ta ragu, amma inda na aske ɗan tsiro ne kawai, ana hango fata.

Da safiyar ranar na kankare baƙin tukunyar gidanmu, na kwaɓa da man kaɗanya, na shafe wurin tsaf. Ba yabon kai ba, aikin ya yi kyau.

Gida ya cika da masu barka da sauka. Mahaifiyata na zaune a tsakar gida cikin fararen kaya, ana raba dabino da zamzam. Kyanwa ta ji muryarta, ta ratsa ƙafafun jama'a, ta haye cinyarta, ta kwanta rigingine tana birgima. Ina tsaye ina kallo. Da kyanwar ta tashi, gaban farar rigar tsohuwa ya koma kamar tsumman goge murhu.

Tsohuwa ta shafa bayan kyanwa, ta dubi tafinta, ta shinshina. Ta ce wannan tukunyar shinkafa da wake ce, ta san ƙamshin kayanta. Mata suka tuntsire da dariya, har wata ta ƙware da dabino. Sai ta gaya wa taron cewa shekara shida ba ta taɓa sa wa kyanwar nan ruwa ba, kyanwar ke wanke kanta da harshenta, ita kuwa nata aikin taza ne da kifi. Ta yafito ni, na durƙusa, ta rage murya.

"Gashi zai fito. Amma ina can ina yi maka addu'a, kai kana nan kana ce mini ta yi ƙiba."

Wallahi dariyar matan ba ta dame ni kamar wannan maganar ba. Kunya ta kama ni sosai, na ba ta haƙuri a wurin.

Gashin ya cike cikin 'yan watanni, ni ne ma na ci gaba da taje ta. Na koyi cewa iya kan mutum daban, iya bayan kyanwa daban, kuma yanzu idan wanda ya riga ni sanin abu ya fara bayani, nakan yi shiru har ya gama. Mahaifiyata ta daɗe da yafe mini, labarin ma ita ke ba wa baƙi tana dariya. Sai dai har yau, idan ta yi tafiya ta kira na ce mata komai lafiya a gida, sai ta ce, "To, na ji. Ba yayarka wayar."