Shirun da Yaya Hamisu Ya Bari a Cikin Waya

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Hamisu, malamin aji uku a firamaren ƙauyenmu da ke bakin tafkin Kainji, a ƙasar Ngaski. Ya bar mahaifiyarmu, Inna Hajo. Ya bar ni, ƙanensa, wanda ya tsaya wa har jami'a. Ya kuma bar muryarsa a cikin wata tsohuwar waya.

A shekararsa ta ƙarshe aka sanar da cewa za a fara koyarwa da na'ura a makarantun gwamnati, kowace makaranta ta shirya. Masu tsarin sun yi nasu shirin a ofis, mu kuwa a jikinmu muka ji namu. An kwashe 'yan aji uku daga ɗaki ɗaya tilo da ba ya yoyo, aka sa masa ƙofar ƙarfe. An sare mangwaro biyu na tsakar makaranta domin rana ta samu farantan sola. Masunta suka ba da katakon tsofaffin jiragensu aka ƙera tebura, shi ya sa har yau ɗakin yake ƙarnin kifi idan damina ta sauka.

A wajen horon da aka ba malamai Yaya ya ga darussan duk da Turanci ne, alhali yaranmu da Hausa da Kambarci suka buɗe baki. Sai ya riƙa shiga ɗakin nan shi kaɗai bayan an tashi, yana naɗar darasi da muryarsa a wayarsa. Ya san ɗalibansa ba sa gaggawar amsa, don haka bayan kowace tambaya yakan yi dogon shiru, sa'an nan ya ce, "Madalla, haka ne."

Ƙauyenmu ba shi da sabis, mai son aika saƙo sai ya ƙetara ruwa. Wata rana da hantsi Yaya ya zuba darussan a wayar hedimasta, Malam Ɗantani, ya bar tasa a gida, ya shiga kwalekwale domin ya aika wa masu tsarin. Iska ta taso a tsakiyar ruwa. Shi da matuƙin, babu wanda ya kai gaci. Na'urorin kuma ba su zo ba.

Hutun farko da na dawo, da azahar, ina tsakar gida na ji muryarsa a ɗakin Inna. Na leƙa, na ga wayarsa a hannunta.

"Kifi bakwai, an sayar da uku, saura nawa?"

Sai shirun nan, ana jin motsin ruwa daga nesa a cikinsa.

"Huɗu, Hamisu," in ji Inna.

"Madalla, haka ne."

Inna ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta haddace darussan aji uku kaf. Daga baya ta daina amsa tambayar. Cikin shirun take ba shi labari: rufin rumbu ya faɗa, wance ta haihu, ƙanenka ya gama jami'a. Shi kuma ya ce madalla, haka ne. Na taɓa jin ta ce masa, "Sanyi kake ji a can?" Ban tsaya na ji amsar ba, na fice daga gidan.

Bana an sake cewa makarantu su shirya. Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga ana auna ɗakin karo na biyu, kututturen mangwaron na nan, 'yan aji uku suna ƙarƙashin rumfar kara. Ina zaton ba zai yi fushi ba. Zai dai tambaya ko an lissafa inuwa a cikin tsadar shirin, ko an lissafa ƙetaren ruwa.

Malam Ɗantani ya gaji da jira. Ya zo ya durƙusa ya roƙi Inna a kunna wa yara darussan, ko da a wayar ce kawai.

"Kun amshe shi da rai, Malam, yanzu muryar ma kuka biyo?"

Na ce, "Inna, ai kwafa za a yi, taki tana hannunki."

"A raba min shi biyu ke nan? A'a. Ni zan kai shi."

Ita ta kai shi. Aka buɗe ƙofar ƙarfe, yaran da ba su taɓa ganin Yaya ba suka zauna a teburan jirgi. Ya tambaya saura kifi nawa. Na ga leɓen Inna ya motsa, amma kafin ta furta, aji ya ɗauka baki ɗaya: "Huɗu!"

"Madalla, haka ne."

Inna ta daɗe tana kallon wayar. Ta tura ta tsakiyar tebur, ta gyara mayafi.

"Ashe ba ni yake jira ba," ta ce. Ta fita ba ta waiwaya ba, ba ta kuma sake tambayar wayar ba.

Abin da ya rage na Yaya ke nan: murya mai haƙurin jiran amsa, a ɗakin da har yau babu na'ura ko ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan abokin tafiyarsa. Abin da shirin ya ci kuwa: mangwaro biyu, aji ɗaya na shekara biyar, matuƙi ɗaya, malami ɗaya, da abokin hirar Inna.