Baba Bang Deok-hwan da Bututun Layin Kasuwa

Ranar Talata, tara ga Yuli, da hantsi aka zaro gawarka daga ramin magudanar layinmu a birnin Daegu. Iskar guba ta kashe ka, Baba Deok-hwan, kana da shekara saba'in da ɗaya.

Shekara talatin da huɗu ka yi kana gyaran bututun ƙazanta kafin ka yi ritaya. Duk sanda magudanar shagona ta toshe, kai ne kake zuwa, kwanon taliya kawai kake karɓa. A waje kake zama ka ci, wai kada warinka ya korar mini masu ciniki.

Bara bututun da ke ƙarƙashin kasuwa ya fashe. Ba mai son a tone layin, sai ɗan kwangila ya ba mu zaɓi biyu. Ko a zura wa tsohon bututun riga mai danƙo ta ciki, a busa mata tururi ta sandare, aikin yini guda. Ko a ja sabo ta cikin tsohon yana farfasa shi, a rufe kasuwa kwana biyar, ga bikin kaka ya matso.

Ka kalli hoton da kyamara ta ɗauko daga cikin bututun, ka miƙe a taron 'yan kasuwa ka ce, "Jama'a, bututun nan ya burma a tsakiya. Riga ba za ta zauna ba. A fasa shi."

Shugaban kasuwa ya ce, "Baba, zauna. Warin nan ya taɓa maka kai." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, na kuma ɗaga hannu na zaɓi riga, don ina tsoron rasa cinikin biki.

Da damina ta sauka, ƙazanta ta dawo mana har cikin shaguna. Ɗan kwangila ya daina ɗaga waya. Sai ka ɗauko tsohuwar igiyarka ka sauka ramin don ka duba.

Yau kwana goma sha biyu kasuwa a rufe, ana jan sabon bututun da ka ce. A gidan makoki, furannin ta'aziyyar da shugaban kasuwa ya aiko sun fi na kowa girma.

Ubangiji ya jiƙanka, ya ba ka hutun da muka hana ka. Ya ba matarka Ok-bun da 'yarka Hye-ran haƙuri. Na je yi musu gaisuwa, Ok-bun ta zuba mini miya da hannunta, na kasa sha.

Yuk Mal-sun, mai taliya