Bin Sawun Ilu Soja

Daga Kano zuwa Gagarawa

Ana idar da sallar asuba na saɓi jakata na nufi tasha. A aljihuna akwai kwafin wata tsohuwar takardar soja da na sha wuya kafin na samo ta a Kaduna. A gidanmu kowa ya san kakana Ilu ya rasu a yaƙin Bama na zamanin Turawa, mahaifina yana goye. Amma takardar ta ce an sallame shi da ransa. Baba ya haura tamanin, idanunsa sun tafi. Da na karanta masa, abu ɗaya ya ce: "Rabi'u, nemo mini inda aka binne shi kafin tawa ta zo."

Motarmu irin wadda sai an tura ta take tashi ce. Muna wuce shingen 'yan sanda na Gagarawa taya ta fashe, muka zube a gindin darbejiya muna shan fura. Direba ya ji abin da ya fito da ni, ya ce, "Malam, kowa na neman abinci, kai kana neman kabari?"

Gumel

Da azahar aka haɗa ni da Malam Sabo, ɗan wani tsohon soja, wanda ya san gidajen tsofaffin sojoji kaf. Ya duba takardar ya yi dariya.

"Ilu Gumel! Ai Bature ba ya tambayar sunan uba. Duk wanda aka kwasa daga ƙasar nan, Gumel ake liƙa masa. Ilu nawa kake so?"

Ya ce in gwada Maigatari, don waɗanda suka dawo da yawa a kasuwar dabbobi suka ƙare. A zaurensa na kwana, bayan tuwon dawa da miyar kuka.

Maigatari

Na dace da Alhamis, ranar kasuwa. Raƙuma da shanu da mutanen Damagaram, ko wurin sa ƙafa babu. Aka kai ni rumfar wani tsohon dillali, Baba Na-Allah. Ina faɗin sunan sai ya ajiye carbinsa.

"Ilu Marigayi kake nufi?"

"Eh, Baba, ai ya rasu."

"A'a, yaro. Yana raye muke kiransa haka, kuma yana amsawa."

Ya ce yana saurayi ya san shi, dogo ne, yana shayar da dabbobi a bakin rijiya. Ba ya haɗa kwano da kowa. In aka tambaye shi gida sai ya ce an riga an yi masa arba'in. Duk Juma'a yakan kama hanyar Ɗanzomo a ƙafa, har wata Juma'a da bai dawo ba.

Ɗanzomo

Washegari na koma Gumel, na hau acaɓa ta hanyar Sule Tankarkar. Ƙauyenmu na asali yana bayan Ɗanzomo, ya daɗe da tashi. Aka ce saura tsohuwa ɗaya da ta taɓa zama a cikinsa, Iya Ladi. Na yi sallama, ta ɗago ta dube ni, sai ta ja da baya har ta zubar da butarta.

"Ilu, ka sake dawowa?"

Da ƙyar aka fahimtar da ita jikansa ne. A bayan mashin muka kai ta kufan. Rana tsaka, amma ko kukan tsuntsu babu, sai rijiya da ta rufta da wata ƙatuwar kuka. Wallahi na ji tsoro.

Ta ce wani soja ne ya kawo labarin mutuwarsa. Aka yi sadakar uku da bakwai da arba'in, aka raba gona, kakata ta fita takaba ta auri ƙanensa. Ranar da Ilu ya ɓullo mata suka watse da ihu. Ya tarar tana da tsohon ciki, ya ce ba zai rushe gidan ɗan'uwansa ba, ya juya.

"Duk Juma'a a nan yake tsayawa, cikin rigar kaki, yana kallon yara suna wasa. Iyaye suka ce musu aljanin kuka ne. A nan aka tsinci gawarsa, a nan aka rufe shi."

"An yi masa sadaka, Iya?"

"Manya suka ce ai an riga an yi."

Na durƙusa a wurin da ta nuna da sandarta, na yi masa addu'a.

Gida

Na iso Kano ran Asabar da la'asar lafiya, alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Malam Sabo da Baba Na-Allah da Iya Ladi da alheri.

Baba yana kan buzunsa na zayyana masa komai. Bai katse ni ba sai da na zo kan kukar.

"Dogo? Mai rigar kaki?"

"Shi, Baba."

Ya daɗe yana shafa buzun da tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Yakan miƙo mini dabino, ni kaɗai cikin yara. Har sunana yake kira. Ban taɓa karɓa ba, Rabi'u. Gudu nake yi."