Na Kasa Tare 'Yan Dubiya

A lokacin ina matar aure mai ƙuruciya a Wudil, kaina cike da littattafan soyayya da nake haya tun ina sakandare. A cikinsu, idan miji ya kwanta ciwo, matar kan zauna a bakin gado tana ba shi kunu da cokali, dangi su cika ɗaki, a shafin ƙarshe kuma ya miƙe. Haka na zata tawa za ta kasance.

Maigidana malamin firamare ne. Da aka gano yana da sankarar jini, likita a Kano ya ce irin mai tafiya a hankali ce, mutum kan yi shekaru da ita yana zuwa aikinsa. Abin tsoron, in ji shi, garkuwar jikinsa ce da ta yi rauni. Murar da wani zai kora da lemon tsami, shi tana iya kayar da shi. Ya ce in rage masu shiga wurinsa, kada mai tari ya kusance shi. Na amsa da to.

Amma wa ke tare 'yan dubiya a ƙofa? Duk Juma'a danginsa na ƙauyen Utai, in sun ci kasuwa, sai su biyo ta gidanmu. In share ɗaki, in sa turaren wuta, a yi musabaha, a dama fura a sha da ludayi ɗaya. Na ji tsoron ambatar garkuwar jiki, kada a koma ƙauye a ce ƙanjamau ce. Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin yadda gwaggonsa ke sa min albarka a gaban mutane. Shi kansa ya taɓa ce min ya gaji da taro, na ce masa ai ƙauna ce ke kawo su.

Wata Juma'a yayansa ya zo yana tari. Ina kallo ya sha fura ya miƙa wa maigidana ludayin, kunya ta hana ni magana. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe maigidana, ciwon ya sauka a huhu. Bai dawo daga asibiti ba.

Na yarda da ƙaddara, amma amanar da aka ba ni ban riƙe ta ba. 'Yar'uwa, idan likita ya ce ki ja ƙofa, ki ja. Za a ce kin raba shi da danginsa, ki daure. Fushin dangi yana hucewa. Ni ba wanda ya taɓa fushi da ni, ga ni nan na fita takaba, ina renon yara biyu ni kaɗai.